Yadda Na Raka Gwaggo Masar Gyaran Wuya

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a Islamiyya sai da Malama ta buga tebur kafin mata su ƙyale ni. Wata ta ce wai da gaske ne ana farke wuyan mutum a ɗinke kamar buhun albasa, wata ta ce ko na ga gawar Fir'auna. Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ta karanta ko a karanta mata. Kada kuma wata ta ce na tona asirin Gwaggo, don ita da bakinta ta riga ta faɗa wa masu sayen kayanta.

Gwaggo Binta ƙanwar babana ce. Tana zaune a Ungogo, can inda gonaki suka koma gidajen bene. Sarƙoƙi da 'yan kunne take sayarwa, kuma ba ta da shago, wuyanta ne shagon. Sai ta ɗaura sarƙa, ta kunna waya, ta juya hagu ta juya dama, mata daga ko'ina su yi ta saye. Da shekaru suka ja, fatar ƙarƙashin haɓarta ta saki, ta fara reto in tana magana. Wata mara kunya ta rubuta mata a ƙasan hoto cewa sarƙar ta yi kyau, amma a canja mata marataya. Tun daga ranar Gwaggo ta fara neman inda ake gyara, har aka haɗa ta da wani likita a Alƙahira.

Ta zo ƙauyenmu da kanta, motarta ta toshe lungu. Ta ce wa maigidana tana son aron matarsa ta yi mata jinya, don 'ya'yanta bakinsu ba ya rufuwa, ni kuwa ba ni da surutu. Shi kuma ba zai iya ce mata a'a ba, don injin da yake ban ruwan tumatirinsa a Watari ita ta saya masa. Ya ce ai kuwa an zo a daidai, an yaye yaron, yana ɗakin Iya. Iya ita ce mahaifiyarsa.

Ina bakin murhu ina ji. Me zan ce? Yaron ɗana ne na fari, kuma sunan surukina ya ci. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai in jira wata ta ɗaga shi. Kun san abin, duk kun yi. Amma akwai abin da babu wanda ya sani sai ni da shi. Ina da tawadar Allah a gefen wuyana na hagu, ta ɗan taso kamar ƙwayar dawa. Tun yana jariri, in yana shan nono sai ya laluba ya kama ta, ya yi ta murzawa har barci ya ɗauke shi. Bayan yaye ma, in rana ta yi tsaka gida ya yi shiru, nakan saci jiki in shiga ɗakin Iya in ɗauke shi ya murza. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wa zai murza in na tafi, kuma in na dawo ko zai san ni.

Amsar farko ba ta yi nisa ba. Hansai, ƙanwar maigidana, ta ɗauke shi ta goya tun ban fita ba, ta ce in tafi abina in sha iskar Larabawa, kafin in dawo ya manta da kamannina. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don wasan ƙanwar miji ba a fushi da shi.

Ita ce kuma ta jawo min wahalar farko. Ana gobe za a kai ni yin fasfo ta zaunar da ni ta dandaƙa min lalle har kan yatsu, wai kada in je birni kamar wadda aka tsinto. Da muka je, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓa. A goge a sake, a goge a sake, ƙarshe aka ce in koma sai lallen ya koɗe. Gwaggo ta yi ta faɗa tun daga nan har Bici. Ni kuwa a raina daɗi na ji, don na samu ƙarin kwanaki a gida.

Jirgi ba zan ce muku komai a kansa ba sai kunne. Da ya tashi ji na yi kamar an cusa min tsinke, na riƙe hannun kujera ina karanta duk abin da na haddace. Gwaggo ta miƙo min cingam ba ta ko kalle ni ba, tana danna waya kamar a motar Bici take. A nan na fara jin wani abu game da ita da ban taɓa ji ba. Gida ɗaya suka tashi da babana, ƙwarya ɗaya suka sha fura, amma ita ta san yadda ake kwance bel ɗin kujera, ni sai da ma'aikaciya ta zo ta sake ni.

Da muka sauka, wani jami'i mai gashin baki ya sa na buɗe jakata. Ya ɗaga ƙullin kuka ya girgiza, ya ɗaga na kuɓewa busasshiya, duk yana tambaya da Larabci ina kallonsa. Sai ya kai hannu kan daddawar da Iya ta naɗe min a leda kan leda. Yana kwance ta ƙarshe ya ja da baya, ya rufe jakar da kansa, ya yi mana hannu mu wuce. Gwaggo ta ce da ta san haka ne da a saman kayanta ta ɗora ta.

Masaukinmu gidan wata mata ne, Hajiya Amna, Bahaushiyar Sudan da ta daɗe a can tana saukar da masu zuwa asibiti, ita ce kuma take yi mana tafinta. Hausarta irin ta kakanni ce, tana cakuɗa ta da Larabci. Gidan a can saman bene yake, ana hawa da wani akwatin ƙarfe mai ƙofar raga da ke rawa in ya tashi. Na shige shi sau ɗaya na ce ya ishe ni, na koma bin matakala. Garin kuwa ba shi da ƙasa. Duk inda kika duba gini ne a kan gini, babu gona, babu akuya, babu inda za ki zubar da ruwan wanke-wanke. Matan can ba sa aiken yara shago. Kwando suke zurarowa da igiya ta taga, mai kaya ya zuba musu su janye. Na ce da za a kawo wannan garinmu da an huta da ɓatan canji, sai dai mu ba mu da saman da za mu zuraro.

Abinci bai ba ni wahala yadda na zata ba. Da safe wake ne dafaffe har ya narke, da gurasa. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake a kwano ɗaya, kamar yara sun yi wasan girki, amma yana da daɗi. Abin da ya ba ni dariya, ranar da Hajiya Amna ta ce za ta yi mana abincin manyan baƙi, ta shigo da kwano tana taƙama, na leƙa na ga miyar lalo. Lalon da muke tsinka a bayan gida, akuya ta ci mu ci. Zoɓo ma haka, a kofin gilashi suke kawo shi da zafinsa kamar shayi.

A ƙasan benen akwai maigadi da iyalinsa a wani ɗan ɗaki. Matarsa ba za ta girme ni sosai ba, kowa Ummu Mahmud yake ce mata. Na zaci sunanta ke nan, sai Hajiya Amna ta ce a'a, Mahmud ɗanta ne na fari, haka suke yi, da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Na tsaya ina kallon matar nan. A bakin titi, gaban mijinta da uwar mijinta da masu wucewa, ta ɗaga yaron sama ta sumbace shi a kumatu, a ido, a ciki, tana kiran sunansa da ƙarfi. Babu wanda ya juyo ya kalle ta. Talaka ce kamata, ɗakinta bai kai nawa ba, amma wallahi na fi jin zafinta a kan na Gwaggo.

Ummu Mahmud ta tambaya ta bakin Hajiya Amna ko ina da ɗa, na ɗaga kai. Ta ce to Ummu wa za ta riƙa ce min? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabi. Ta sake tambaya. Da ta ga na ƙi magana sai fuskarta ta canja, ta dafa ni, ta zaci rasuwa ya yi. Hajiya Amna ta yi ta yi mata bayani, ita kuwa tana girgiza kai. A ƙarshe ta ce a tambaye ni, in ya ɓace a kasuwa da me zan kira shi? Daga ranar sai ta sa min Ummu Walad, wai uwar yaro, in ta hango ni a matakala sai ta ƙwala min shi tana dariya.

Asibitin bai yi kama da asibiti ba. Babu wari, babu layi, babu mai nishi a ƙasa. Kujeru masu laushi, furanni, da mata masu ƙamshi suna jira, kowacce lafiyarta ƙalau. Na zauna a gefe ina kallon takalmansu, na tuna innata da haƙorin da ke damunta tun damina, da kanumfari take lallaɓa shi. Ban ce zunubi suke yi ba. Gwaggo ta ce ta tambayi malaminta, ni kuma ba malama ba ce, masu son wannan gardamar su je su same ta. Abin da na sani shi ne na so a ce ni ma ina da damuwar da ba ta wuce fatar wuya ba.

Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Ya zaunar da Gwaggo gaban madubi, ya sa yatsu a bayan kunnuwanta ya ja fatar sama a hankali. Nan take matar da ke cikin madubin ta koma irin Gwaggon da ke cikin hoton bikin innata. Ya saki, ta dawo. Na ga idonta ya ciko. Ya ɗauki alƙalami mai ruwan shuni ya zana mata layuka a ƙarƙashin haɓa da kewayen kunne, kamar tela zai yanka yadi. Ya ce ta nan zai tsaga, ya ɗaure naman ciki da ya saki, ya rage fatar da ta yi yawa, ɗinkin ya ɓuya a bayan kunne. Ya faɗa mata gaskiya cewa za ta kumbura, za ta ji wurin kamar ba nata ba na wani lokaci, kuma tsufa ba zai tsaya ba, baya kaɗan kawai za a tura shi. Gwaggo ta ce ko taku ɗaya ne a tura.

Ranar aikin, da aka turo ta daga ɗakin tiyata ban gane ta ba. An naɗe kan gaba ɗaya sai ido da hanci da baki, ga wasu siraran robobi biyu sun fito ta bayan kunne suna ɗigar da jini-jini a 'yan kwalabe. Na ce shi ke nan, me zan faɗa wa babana? Sai ta buɗe ido ɗaya, ta motsa baki. Na kai kunne ina zaton wasiyya ce, ashe tambaya take ko wayarta na da caji.

Jinyar ta fi aikin wuya. Da muka koma masauki wuyan ya kumbura ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a ruwan baba na rini. Ba ta kwanciya sai a jingine da matasai, ba ta waiwaye, in kin kira ta sai ta juyo da jiki duka kamar mai ɗauke da tulu. Salla a zaune take yi da nuni. Tauna ba dama, sai na riƙa dama mata kunu da miyar kuka mai ruwa-ruwa tana zuƙa da tsinken shan lemo. A nan daddawar Iya ta yi rana. Ni ke goge mata bayan kunne, ni ke ɗaura mata wani maɗauri da ke zagaye haɓa zuwa tsakar kai. Rannan ta kalli madubi ta ce ta cuci kanta, washegari kuma ta ce kumburin ya fara sauka, in zo in gani.

Duk wannan hidimar da rabin hankali nake yin ta, rabin yana gida. In maigidana ya kira, gaisuwa ce da labarin tumatir. Sai in ce ya mutanen gida, ya ce lafiya. In ce duka da duka? Ya ce duka. Ba zan iya wuce nan ba, shi ma ba zai ƙara ba. Hansai ce kaɗai ke ba ni labari, ita kuma da gayya take yi. Ta turo murya ta ce ɗanta ya ci tuwo ya ƙoshi, ɗanta ya koyi cewa Ansai, ɗanta ba ya yarda da kowa sai ita. In saurara a banɗaki, in sake saurara, ina neman muryarsa a bayan tata.

Kafin a yi aikin Gwaggo ta sari sarƙoƙi cike da jaka a kasuwar can, ga masu saye suna ta tambaya, ga wuya a naɗe. Wata safiya ina shara ta ce in ajiye tsintsiya in cire hijabi. Ta sa na tsaya jikin taga, ta ɗaura min wata mai faɗi da duwatsu kore, ta ɗaga haɓata da yatsa. Ta daɗe tana kallo.

"Ke kin samu a banza," ta ce, "kina ɗaukar itace da shi."

Sai a lokacin na gane ba don rashin surutu kaɗai aka zaɓe ni ba. Na ce maigidana ba zai so ba. Ta ce fuska ba za ta fito ba, daga haɓa zuwa kafaɗa ne, wa zai gane? Na yarda, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Sanyin sarƙar a fatata, nauyinta, yadda na ga kaina a waya kamar matan asibitin nan. Kayan suka yi ta tafiya. In an gama ta kwance ta mayar a akwati, ni kuma in koma kan tsintsiyata wuya wayam.

Tawadar ce kawai ta dame ta. Ta ce tana jan ido daga kan kaya, ta shafa hoda ta ƙi ɓuya. Ranar da za a cire mata zare ta yi wa likita magana, ya duba ya ce abu ne mai sauƙi, kafin shayi ya huce an gama. Gwaggo ta ce in na yarda, in mun koma ni zan riƙa yi mata tallan, za ta riƙa aiko mota, kuma mai koren duwatsun nan ta zama tawa. Ta ce gara ma a cire, don da ita za a gane ni a garinmu. Na tuna yaron. Sai kuma na ce a raina, ai ya riga ya manta, yana can yana kiran Ansai, ni kaɗai nake dakon abin da babu mai nema. Na ce to. Aka ce mu dawo jibi.

Washegari da hantsi Hansai ta kira ta bidiyo da wayar yayanta. Ta ce ta ga wuyan gidansu yana yawo a waya da sarƙar da ta fi sadakina tsada, amma ta rufa min asiri sai na kawo tsaraba mai kyau. Tana magana tana jijjiga yaron a kafaɗa, ya juya min ƙeya. Ya yi ƙiba. An yi masa aski, ba a gaya min ba. Ina kallo ya ɗaga hannu yana laluben wuyanta, sai na ga wani baƙin abu a gefen hagu, daidai inda nawa yake. Ya kama yana murzawa.

"Hansai, mene ne wannan a wuyanki?"

Ta yi dariya har wayar na rawa. Ta ce ai kwanakin farko ba ya barci, sai ya yi ta yaƙushin wuyanta yana kuka, har Iya ta gano abin da yake nema. Shi ne ita Hansai ta samo ƙwayar dawa ta shafa mata kwalli, ta manna da ƙaro. Ta ce yanzu ita ma tana da tata, in ya ɓalle ta sake manna wata, buhu guda ne a rumbu.

Na kashe wayar ban yi sallama ba. Ashe Iya ta sani, duk satar jikin da nake yi tana gani. Wannan kunyar daban. Amma abin da ya fi ci min rai ba kunya ba ce. Na bar mata goyo, na bar mata wanka da ba shi abinci, ta ɗauki sunan da ya fara kira, duk na haɗiye. Abu ɗaya da ya rage nawa ni kaɗai, shi ma ta je rumbu ta ɗebo. Na zauna a matakala na yi kuka sosai. Ummu Mahmud ta hau ta same ni, ta ɗora min ɗanta a cinya ta koma wankinta.

Duk da haka na bi Gwaggo asibitin, don na riga na amsa. Na hau kujerar, aka kunna fitila a kaina, likita ya zagaye tawadar da alƙalaminsa mai shuni. Ma'aikaciya na jera ƙarafa a faranti. Ni kuwa lissafi ɗaya nake: in aka cire wannan, na koma gida wuya sumul, a duk gidan mace ɗaya ce za ta rage mai abin murzawa, kuma ba ni ba ce. Na sauko da ƙafata na laluba takalmi.

Gwaggo ta juyo da jikinta duka ta ce lafiya? Na ce na fasa. Ta ce tsoron allura ne? Na ce a'a. Ta ce to mene ne, mutumin nan ya bar aikinsa saboda ke. Hajiya Amna na kallona, likita na kallona.

"Akwai mai amfani da ita," na ce.

Gwaggo ta kalli gefen wuyana. Ita ma ta yi ɗan fari, ba sai na ƙara ba. Ta ce wa Hajiya Amna ta ba likita haƙuri, 'yar ƙauye ce. A mota, da muka kusa masauki, ta ce daga yau ta ɓangaren dama za ta riƙa ɗaukata, sarƙa mai kore kuma in cire rai. Zanen shunin nan ya yi kwanaki bai fita ba.

Kafin mu taso wuyan Gwaggo ya fara zama. Masu tambaya ko ya yi kyau, ya yi. Haɓar ta fito, reton ya tafi, in ba ki ɗaga ɗankwalinta kin leƙa bayan kunne ba ba za ki ga komai ba. Ta ce har yanzu in ta taɓa wurin kamar fatar wata take taɓawa, amma a jirgin dawowa madubi bai bar hannunta ba. Na kalle ta na kalli hannayena da suka fara tsagewa tun ban kai ko'ina ba, na kau da kai. Ummu Mahmud kuwa da za mu rabu ta ba ni 'yar rigar da ɗanta ya girme ta, ta ce a kai wa Walad.

Mun iso gida bayan azahar. Tsakar gida ta cika, ana ta sannu da zuwa, ana taɓa mayafina ana cewa na yi fari. Yaron yana tsaye jikin turmi da ƙaton ciki da sabon aski. Ya kalle ni, ya kalli jakata, ya zagaya bayan Hansai ya riƙe zanenta. Wata maƙwabciya ta ce ka ga baƙuwa ko? Aka yi dariya. Ga Iya, ga matan unguwa, ba dama in miƙa hannu. Na durƙusa na gaida kowa, na buɗe jaka na raba dabino da turare da kwalli, ina murmushi, ina jin kamar in kwanta a ƙasa.

Da la'asar mutane suka watse. Ina zaune a ƙofar ɗakina, Iya na can gefe tana tankaɗe, sai rigimar barci ta kama yaron. Hansai ta jijjiga, ya ɓalle ƙwayar dawar ya jefar, ya ƙara ƙarfin kuka. Ta zo ta tsaya a kaina da shi.

"Matar Yaya, karɓi kayanki. Ƙaron gidan nan ya ƙare, wuyana kuma duk ya yi ƙuraje."

Ta dire min shi a cinya ta wuce. Ya sandare yana ture ni, yana miƙa hannu wajenta. Ban rungume shi ba, na dai zame mayafina kaɗan ta hagu. Yana cikin turewa hannunsa ya faɗa kanta. Ya tsaya. Ya kama da farce ya ja yadda ya saba ɓalle ta Hansai, har sai da na ji zafi. Ba ta fita ba. Ya sake ja. Sai ya ɗago ya kalli fuskata sosai, yana ajiyar zuciya, ya kwantar da kai ya fara murzawa a hankali.

Na sunkuya na faɗi sunansa a kunnensa. Ba ƙarfi kamar Ummu Mahmud ba, amma na faɗa, kuma na san ya kai inda Iya take, don rariyar ta tsaya. Sai ta gyara zama ta juya mana baya, ta ci gaba da tankaɗenta.

Har yau in ya farka da safe Ansai yake fara kira, kuma har yau ina ji a raina. Gwaggo ta koma tallan da wuyanta, mai koren duwatsun an sayar wa wata a Zariya. In kun gan ni a bakin rijiya kada ku ƙara tambayata Fir'auna, ban gan shi ba. Wadda kuma take son ganin abin da na je Masar na dawo da shi, ta zo da rana tsaka lokacin barcinsa, ta yi sallama a hankali.